Ashe reshen da nake taƙama da shi ne ɓarawon

Asabar, Rikkos, Jos

Tun bayan sallar asuba ban koma barci ba, don ruwan famfo ya zo, kuma a unguwarmu in ya zo ba a yi masa jinkiri. Na cika duro biyu, na ɗebi bokiti na kai wa lemun tsamina da ke bayan kicin. Ƙarshen Maris ne, hunturu ya kwashe sanyinsa ya tafi, ƙasa ta bushe ƙamas, kowa na duban sama yana jiran ruwan Afrilu.

Shekara uku ke nan da na sayo shi, ɗan aure, wato irin da ake haɗawa da hannu, a wajen masu dashe na bakin titin Bauchi. Babban lemun tsami ne, mai kaurin ɓawo da ɗan tsini a ƙasa, ba ƙananan nan da ake kasawa a Farin Gada ba. Ɗan aure yakan fara 'ya'ya a shekara 2 zuwa 3, wanda aka shuka daga ƙwaya kuwa sai ya kai 5 ko fiye, shi ya sa na biya kuɗinsa ban yi ciniki sosai ba. Bara ya ɗaura 'ya'ya bakwai, huɗu suka zube tun suna ƙanana. Bana ko furen kirki bai yi ba. Abin da ke kwantar min da hankali wani reshe ne da ya taso tun damina, miƙaƙƙe sambal, ya fi ni tsawo, ganye shar, ƙaya kamar basilla. Duk baƙon da ya shigo gidan nan sai na nuna masa.

Wajen ƙarfe sha ɗaya Kawu ya iso daga Bukuru. Rabin rayuwarsa a lambu ya yi ta, don haka yana gama shan ruwa na ja shi bayan kicin ina jiran yabo. Ko kallon saman bai yi ba. Ya tsuguna, ya share ƙasar gindin da hannu, ya nuna min wani ɗan kumburi a jikin itacen, kamar taƙi ɗaya daga ƙasa.

"Nan aka yi auren," in ji shi. "To duba inda naki gwanin ya fito."

Daga ƙasan kumburin ya fito.

"Ke 'yar nan, wannan ba lemun da kika saya ba ne. Na gindi ne."

Ashe ɗan aure itace biyu ne a jiki ɗaya. Gindin daga wani lemu ne mai ƙarfin saiwa da juriya, saman kuma daga irin da ake so a ci. Duk tohon da ya fito ƙasa da wurin haɗin, shi ke fara shan ruwa da taki kafin su hau sama. In aka bar shi sai ya danne na saman, a wayi gari ana tsinkar 'ya'yan gindi, masu kaushin ɓawo da yawan ƙwaya. Wato duk bokitin da na ɗauka tun Oktoba, shi na yi wa hidima.

"Kawu, ba za a bar shi ya ƙara ko damina ɗaya ba?"

"Kawo zarto."

Ya wanke zarton da sabulu, ya yanke reshen daidai da jikin itacen, bai bar kututture ba, ya ce in an bari sake tohowa zai yi. Wallahi sai da na kau da kai.

Ban gama jin wannan ba ya tono wani laifin. Takin kajin da na tula ya manne da jikin itacen, kuma kullum a nan nake kwarara ruwa. Ya nuna min inda ɓawon ya fara tsatso wani abu kamar ƙaro, alamar laima ta fara ruɓar da gindin. Saiwar da ke shan ruwa tana can daidai inda inuwar ganye ta tsaya, kuma ba ta da zurfi, ba a sa mata fartanya da ƙarfi. Muka janye takin, muka yi masa kewaye a can nesa da gindi. Ruwa kuma a ba shi ya ƙoshi sau biyu a mako, ba ɗan yayyafin kullum ba. Takin kaji sai ya ruɓe ya huce, ɗanye ƙona saiwa yake yi.

Muna cikin haka Auta ya yi ihu wai tsuntsu ya yi kashi a ganye, kashin kuma yana tafiya. Tsutsar malam-buɗe-littafi ce, irin baƙin nan mai ɗigon ruwan ɗorawa, tana ƙarama haka take kama da kashin tsuntsu. Ya taɓa ta da tsinke, ta fito da wasu ƙahoni biyu da wari. Mun tsince guda shida da hannu. Sabbin ganyen da suka nannaɗe, masu zanen fari kamar sawun dodon koɗi, su kuma na jiƙa musu ganyen dogon yaro, gobe da yamma in tace in fesa.

Da la'asar hadari ya ɗan taru ta wajen duwatsun Shere, ya watse. Ni dai fatana ruwan fari kada ya zo da ƙanƙara, don na duba da kyau, akwai ƙullin fure tara a reshen da na raina. Wanda aka yanke kuwa maigida ya ja shi zuwa bakin ƙofa, ya ce ƙayar za ta tare awakin maƙwabta.