Da tsofaffi biyu suka saɓa, a nan yara suka koyi tarihi

Takardar neman tallafin da na rubuta wa 'yan aji biyar ba ta da tsawo. Masu ba da irin wannan kuɗi suna so su ga abin da yara za su koya, abin da za a saya, ranar gamawa, da abin da za a ɗora musu a hannu a ƙarshe. Wanda ya rubuta "za mu koya wa yara tarihi" ya yi shiru, da wuya a waiwaye shi. Ni cewa na yi yaran za su yi hira da dattawan unguwar da makarantarmu take, su zana taswirarta yadda take kafin a haifi iyayensu, sannan mu buga ɗan littafi. Na kuma nuna gurbin aikin a manhajar darasin zamantakewa, don shugaban makaranta ba ya sa hannu kan abin da zai cinye lokacin jarabawa. Da wani abokin aiki ya ce hira da tsofaffi ai ba karatu ba ne, na tuna masa cewa tun 1948 Jami'ar Columbia a Amurka take tattara tarihin baka.

Kuɗin ya tafi a takardu, kwafin tsofaffin hotuna da bugun littafi. Ɗaukar murya kuwa wayar hannu ta wadatar, muddin an ajiye ta kusa da mai magana.

Tambaya ce ta ci mana lokaci. Yaro zai ce, "Baba, akwai makaranta a zamaninku?" A ce masa akwai, hira ta mutu ke nan. Sai muka yi ta gwaji a aji har bakinsu ya saba da "ba ni labarin" da "yaya aka yi". Na koya musu kuma in tsoho ya yi shiru kada su tari numfashinsa, tunowa yake yi. Shekara ba kowa ke riƙe ta ba, amma in aka ce, "Kaka, a lokacin kin haifi ɗan farinki?" lissafi ya samu madafa.

Sai ga rukuni biyu sun dawo da labari biyu kan yadda aka kafa makarantar. Wani dattijo ya ce a nan ta soma. Wata tsohuwa ta ce a zauren wani gida aka fara karatun, daga baya aka taso. Aji ya kaure: "Malam, wa ya yi ƙarya?" Ban raba musu gardama ba. Na ce su koma su tambayi kowanne: da idonsa ya gani ko ji ya yi, kuma shekarunsa nawa a lokacin. Muka zaro tsohuwar rajista daga ofis, ta ba mu shekarar da aka fara rubuta sunayen ɗalibai, amma ba ta ce uffan kan zaure ba. Wata yarinya ta ce ai rashin rubuta abu ba ya nufin bai faru ba. Mun buga ruwayoyin biyu, kowacce da sunan mai ita. Masu tallafi hotuna suka fi yabawa. Ni a wurina wannan gardamar ta fi littafin daraja.

In aka bar yara, wajen sanannun mutane kawai za su nufa. Dole malami ya tura su wajen mata, masu sana'ar hannu da waɗanda zama ya kawo su unguwar daga baya.

Izinin iyaye da na masu ba da labari a rubuce muka karɓa, kuma kowa ya saurari muryarsa kafin bugu. Wani ya ce a cire maganar rikicin gadon gidansu, aka cire. Hoto kuwa a gaban mai shi ake ɗaukar kwafinsa a miƙa masa abinsa. Rasit tun ranar farko nake tara shi a ambulan ɗaya, don da shi ake haɗa rahoton ƙarshe, rahoton kuma shi ake dubawa in ka sake nema baɗi.