Garwashin da na shigar cikin tanti

Wata uku ke nan da dawowarmu daga kwanan daji, amma har yau in na ga kurfoti sai gabana ya faɗi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a gidanmu ni ne sarkin shiri. Mako guda na yi ina haɗa kaya: akwatin magani, tocila uku da batiran ajiya, ruwan sha lita 4 na kowane mutum a kowace rana, igiya, da usur a wuyan kowane yaro, bisa sharaɗin duk wanda ya ɓace ya tsaya inda yake ya busa sau uku. Na bar wa ƙanena takarda mai sunan wurin da ranar da za mu dawo. Hankalina duk yana kan maciji da kunama, har yara suka gaji da jin "a kakkaɓe takalmi kafin a sa". Duk wannan ya tafi daidai, ba sai na ja zance ba.

Sanyi ne ban lissafa ba. Wurin kan tsauni ne, ya ɗara inda muka taso da kusan mita 1,000, kuma duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi kan ragu da kusan digiri 6. Da rana gumi muke yi. Rana na faɗuwa labari ya canza. Barguna na kawo isassu, amma shimfiɗar ƙasa 'yar siririya ce, ashe ƙasa mai sanyi zuƙe ɗumin jiki take yi ta baya, komai yawan abin da ka lulluɓa da shi.

Wajen ƙarfe 11 autarmu, 'yar shekara 4, ta fara karkarwa har haƙoranta na haɗuwa. Na leƙa waje na ga kurfotin da muka yi girki da shi. Wuta ta mutu, saura garwashi a ƙarƙashin toka, babu ko ɗigon hayaƙi. Na ɗauko shi na ɗora a kan wani faffaɗan dutse daga cikin tantin, na ja zik har ƙasa don kada ɗumin ya fita.

Matata ta ɗago kai ta ce, "Baban yara, anya kuwa?"

Na ce, "Ai babu hayaƙi. Ki kwanta kawai."

Gobara kaɗai nake tsoro, shi ya sa na nesanta shi da jikin tantin, na ajiye robar ruwa a gefe, ina jin kaina mai dabara.

Aman auta ne ya tashe matata wajen ƙarfe 2. Ni da na farka, kaina kamar an ɗaure shi da waya ana murɗawa. Na yunƙura in miƙe, ƙafafu suka ce ba su san zancen ba. Babban ɗanmu mai shekara 9, wanda ko motsin ɓera kan tashe shi, sai da aka yi ta jijjiga shi kafin ya buɗe ido. A wannan halin na buɗe baki na ce, "Abincin dare ne ya ɓata mana ciki, mu koma mu kwanta zuwa safe." Wannan maganar ce take hana ni barci. Matata ba ta ko tanka ba, ta yage zik ta jawo yaran waje, sannan ta dawo ta ja ni da wuyan riga.

Wayata babu sabis, sanyi kuma ya cinye batirin saura kaɗan. Ni sarkin shiri, ban san ta ina ake bi zuwa asibiti mafi kusa ba. Wani bawan Allah da ke tantin gaba da mu ne ya ji kururuwa ya fito, ya dubi kurfotin, ya dube ni, ya ce kada in kuskura in taɓa sitiyari. Shi ya kwashe mu a motarsa. Ko sunansa ban tambaya ba.

A asibiti aka maƙala mini 'yar na'urar nan ta yatsa mai auna oksijin a jini, ta nuna kashi 98 cikin 100. Na ce alhamdulillahi, ashe lafiya lau. Likitar ta girgiza kai ta ce, "Malam, wannan na'urar ba ta iya bambance oksijin da abin da kuka shaƙa." Ta ce sunansa kabon monoksayid, ba shi da launi, ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano. Yana manne wa jini fiye da oksijin sau 200 da wani abu, sai jini ya yi ta zagayawa ba tare da ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke bukata ba. Gawayi yana ci gaba da fitar da shi na sa'o'i bayan an ga kamar ya mutu, wato rashin hayaƙin da na dogara da shi ba shaidar komai ba ne. Yara kuma sun fi manya saurin numfashi, shi ya sa auta ta riga mu. Aka sa mana abin shaƙar oksijin har gari ya waye, domin a iskar waje sai an yi awa 4 zuwa 5 kafin rabin gubar ya fita daga jini, da oksijin zalla kuwa awa ɗaya da 'yan mintoci.

Na tambaye ta, da mun koma mun kwanta fa? Ta gyara ledar ruwan da ke hannun auta, ba ta ce komai ba.

Tun daga ranar, duk abin da ke cin mai ko gawayi ko gas ba ya shiga tantina, kuma ba ya zama a rumfar ƙofarsa. Kurfoti, risho, fitilar ƙwai, kukar gas, duka. Ko ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, a waje za a yi girki ko a haƙura. Janareta da salansar mota ma nesa da inda ake kwana. Masu cewa ai tanti yadi ne, iska na ratsa shi, su ne suka fi ba ni haushi, don ni ma haka na ce a zuciyata. Tantin da aka yi shi don ya hana ruwan sama shiga ba zai fitar da guba da saurin da garwashi ke zuba ta ba.

Maganin sanyin da ya kamata in yi bai kai wahalar ɗauko kurfoti ba: shimfiɗa mai kauri a ƙasa, busassun kaya kafin kwanciya, hula da safa, da gorar ruwan ɗumi a naɗe cikin tsumma. Kuma in kowa a tanti ya tashi da ciwon kai da jiri da tashin zuciya lokaci guda, a fita waje tukuna, a yi gardamar abinci daga baya.

Mun sayi na'urar gargaɗi mai batir, wadda ke ƙara in ta ji wannan iskar. Ba a jakata take ba. Matata ce ke riƙe da ita, kuma ta ce ranar da za mu koma, ita za ta danna maɓallin gwaji da hannunta.