Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Lokacin da aka so in sayar da kuɗin baiko

Salama 'yan'uwa masu bin labarin nan duk mako. Wancan satin mun tsaya a inda na ɗauki adashe na kafa ɗan teburina da laima a bakin titi a Sabon Tasha na fara POS, kuma a shekarar ce matan Zumuntar cocinmu suka ɗora min ma'aji wai tunda na iya lissafi. To yau zan shiga maganar canjin kuɗi, wanda duk ya yi 2023 a Najeriya ya san abin da nake nufi.

A Oktoban 2022 ne Babban Banki ƙarƙashin Emefiele ya ce za a sauya fasalin ɗari biyu da ɗari biyar da dubu ɗaya, sababbin suka fara fita a Disamba, aka ce daga 31 ga Janairu tsofaffin sun tashi aiki, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Mutane suka kwashi tsofaffi suka kai banki, sababbin kuma ba su zo hannu ba. Ka je banki tun asuba ka rubuta suna a layi, wani lokaci azahar ta yi a miƙo maka dubu biyar, wani lokaci a ce ku dawo gobe. Ga taransifa ta zama abin tsoro, ka tura kuɗi a cire maka amma alat bai shiga wa mai kaya ba, kana tsaye da mudun masara a hannu kamar ɓarawo.

Mu 'yan POS a lokacin muka koma sarakuna, kuma muka koma abin zagi. Da can dubu biyar cajinta naira ɗari ne, amma a Fabrairu sai da na ga ana karɓar dubu ɗaya a kan dubu biyar, wasu har sun wuce haka. Kuma kar ku ɗauka duk mugunta ce, mu ma sayen kuɗin muke yi, a gidan mai ko wajen masu tireda, su ma sai sun ɗora nasu kafin su ba ka. Ni dai Allah ya taimake ni da wani Alhaji mai shagon tireda kusa da ni, shi da yamma yake miƙo min cinikinsa in tura masa asusu don ya biya dila, bai taɓa ƙara min ko sisi ba, ya ce shi yana tsoron kuɗi ya haifi kuɗi a hannunsa. Saboda shi ne nake iya tsayawa a ɗari biyu ko uku lokacin da kowa ya haura.

To ana cikin haka wata Lahadi bayan sujada aka ce dattawan ikilisiya suna nemana a ofishin Fasto. Na shiga na durƙusa na gaida su, ga kuɗin baikon da aka tara a sujada a kan tebur an gama ƙirgawa, ga Maman Fasto zaune a gefe tana jiran maigidanta su tafi gida. Sai wani Baba cikin dattawan, wanda shi ke riƙe da kwamitin gini, ya ce “'Yata zauna, magana ce ta alheri.” Ya ce kuɗin nan gobe banki za a kai, bankin kuma ba zai ƙara mana komai ba, me zai hana a ba ni in fitar a farashin da ake yi a gari, in tura uwar kuɗin asusun coci, ribar kuma a zuba a aikin rufi tunda damina na tafe kuma kwanon ɓangaren Sande Sukul yoyo yake yi.

Gaskiya Baban nan ba mutumin banza ba ne, ko fanshonsa yana sa wa a ginin nan, kuma ba da baki kawai ya zo ba, har da aya. Ya kawo misalin talanti na Matiyu 25, bawan da ya binne kuɗin ubangidansa a ƙasa aka ce masa mugun bawa malalaci, ya ce to mu kai kuɗi banki a wannan lokaci ai binnewa ce. Wasu dattawa suka gyaɗa kai. Ni ma a raina na yi lissafin, don a wata ɗaya kawai da an sayi bandir na kwano ba ɗaya ba.

Na ce “Baba, a gafarce ni, ina da tambaya.” Ya ce in yi. Na ce jiya Asabar wata gwauruwa a Zumuntarmu ta zo teburina neman ɗari biyar tak, na tambaye ta ko cefane ne ta ce a'a, na baiko ne, ba ta son kwando ya wuce ta hannu wofi. Ɗari biyar ɗin nan tana cikin waɗannan da ke kan tebur. In na ɗauka gobe Litinin ita ce dai za ta dawo neman na magani ko na mota, in sayar mata da kuɗin da ta ba Allah jiya, a kan ɗari shida. Na ce ni ban san yadda zan kalle ta ranar Talata a taron mata ba.

Ofis ya yi tsit. Baba ya ce ai ba dole sai 'yan coci ba, a sayar wa na waje. Nan ne Maman Fasto da tun ɗazu ba ta ce uffan ba ta ce “Baba, na wajen su ba su da jarirai a asibiti?” Sannan ta ce ita ba ta yi makarantar tauhidi ba amma ta san teburan da Yesu ya kifar a Haikali na 'yan canji ne, kuma su ma ai hidimar masu ibada suke cewa suna yi. Fasto ya yi murmushi ya sunkuyar da kai, ina jin ya ji daɗi da ba daga bakinsa ta fito ba, don shi da Baba kullum a kan gini suke ja.

Ni a ganina duka ayoyin biyu gaskiya ne, abin da ya raba su shi ne wa zai biya ribar. Bayin da suka juya talanti ba a ce sun tatsi mai jinya ba.

Aka daɗe ana kai da komo, ƙarshe aka tsaya a kan za a riƙa ba ni kuɗin, in tura wa coci daidai wa daida, in raba a tsohon caji, kowa kar ya wuce dubu uku, mai mara lafiya a fara da shi, Kirista ko Musulmi. Baba bai so ba amma ya ce tunda jama'a sun yarda shi ke nan, a rubuta a minti cewa shi ya faɗa, in ruwa ya jiƙa yara kar a neme shi.

Kar ku ce daga nan sai daɗi. Litinin tun kafin in buɗe laima layi ya kai bakin kwata, kuɗin kuma kafin ƙarfe goma sun ƙare don baikon ma ya ragu, mutane da yawa sun koma tura zakka ta waya. Waɗanda ba su samu ba suka ce ina son kai, wata ma 'yar Zumuntarmu ta daina gaishe ni wai na ba mai goro na hana ta. Baban yara kuwa cewa ya yi kowa na gina gida da POS ni ina tara maƙiya.

Wani abin dariya, da 10 ga Fabrairu ta wuce sai kwandon baiko ya cika da tsofaffin dubu-dubu, abin da mai kifi ya ƙi karɓa sai a kawo wa Allah, har Fasto ya yi magana a kan bagade. Muka ɗaure su a leda muka ajiye, ga Buhari ya ce tsohuwar ɗari biyu kaɗai za ta ci gaba, ga El-Rufa'i ya ce mutanen Kaduna su ci gaba da karɓar duka, ba ka san na wa za ka bi ba. Sai 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Kaduna da Kogi da Zamfara suka fara shigarwa, ta ce tsofaffin su ci gaba har ƙarshen Disamba, ledar nan ta koma kuɗi, Baba ya sa aka sayi kwano da su.

Amma kafin a kai nan, sauran 'yan POS na layinmu sun riga sun haɗa kai a kaina wai ina ɓata musu kasuwa, wata yamma ina tattara kaya sai ga uku daga cikinsu sun tsaya a gaban teburina, babbansu ya ce “Madam, gobe akwai mitin, kuma saboda ke aka kira shi.” Abin da aka yi a mitin ɗin da yadda Alhaji ya shigo maganar, sai mako mai zuwa in Ubangiji ya bar mu.