Ja numfashi, riƙe

Da 'ya'ya uku na sake zana jarrabawar JAMB, ina da shekara 34. Da na ce karatun ɗaukar hoton asibiti zan yi, surukata ta dube ni ta ce, "Yanzu hoto ma sai an je jami'a?" Ban ga laifinta ba. Ni ma ban san shekara 5 ake yi ba, ga shekarar horo a asibiti, ga rajista da RRBN, hukumar da ke kula da masu wannan sana'a, sai da na shiga.

Daga Agege nake tasowa zuwa Idi-Araba, inda kwalejin likitanci ta Jami'ar Legas take. Kafin asuba na gama dumame, yara su yi shiri, in bi danfo, wato bas ɗin haya, ta Oshodi. A cikin cunkoson nan na haddace sunayen ƙananan ƙasusuwan wuyan hannu guda takwas, littafi a cinya, kwandasta na ihu a kaina.

Fiziks ne ya so ya kayar da ni. Babban ɗana, da yake sakandare, shi ya zaunar da ni a tabarma ya gwada min da tocila a bango: in ka ninka nisanka da tushen haske, abin da zai same ka ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Haka hasken hoton ƙashi, wato X-ray, yake. Na ji kunya, amma na ci jarrabawar, kuma har yau in na ja da baya daga na'ura tocilar nan nake tunawa.

Na ɗauka uwanci ne zai zame min cikas. Sai da aka tura mu wani asibiti koyon aiki na ga akasin haka. Na'ura ba ta gardama, mutum ne aikin. Hoton ƙirji yana so majiyyaci ya manna ƙirjinsa da farantin na'ura, ya tura kafaɗu gaba, ya cika huhu da iska ya tsaya cak. In ya motsa, hoton ya ɓaci, a sake, ya sha haske sau biyu a banza. Abokan karatuna 'yan shekara ashirin sun fi ni saurin lissafi nesa ba kusa ba, amma wadda ta taɓa ba ɗan shekara biyu maganin zazzaɓi ta san lallashi.

Akwai kuma tambayar da dole a yi wa mace kafin hoton ciki ko ƙugu, ko tana da juna biyu, yaushe rabonta da al'ada. Matanmu ba sa amsa wannan a gaban miji ko ɗa. Na koyi cewa, "Malam, ɗan ba mu wuri," sannan in sassauta murya.

Ranar nan aka kawo wata dattijuwa daga Mile 12, tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Ba ta jin Turanci, ba ta jin Yarbanci, ta ƙanƙame mayafinta ta ƙi cire sarƙa. Na matsa na gaishe ta da Hausa. Ta saki ajiyar zuciya ta ce, "Ashe 'yar gida ce." Na ce, "Inna, sarƙar za ta fito a hoton ta rufe wurin da likita ke son gani." Ta cire da kanta ta damƙa min. Na gyara mata tsayuwa, na koma bayan shingen da ke kare mu daga hasken.

"Inna, ja numfashi. Riƙe."

Sau ɗaya muka ɗauka.