Awaki Da Gada Sun Sa Lambuna A Gaba

Duk mai lambu a fadamar Argungu ya san rani in ya kama, ciyawa ta bushe, to fa salak ɗinka da yakuwa su ne kaɗai kore a wurin, dole dabba ta biyo. Awaki da rana, gada kuma sai dare ya yi, ka zo da safe ka tarar an aske kan tumatir tas.

Mutum-mutumi ɓata lokaci ne wallahi, suna saurin sabawa da shi. Gwangwanaye a igiya ma haka.

Ni dai shingen ƙaya na yarda da shi, rassan bagaruwa ko aduwa, a cusa sosai ta ƙasa don gada ta nan take kutsawa, ba sai ta yi tsalle ba. In kana son mai ɗorewa ka dasa bini da zugu a jere, dabba ba ta cin sa, amma a kula da yara don 'ya'yansa guba ne. Ƙananan dashe kamar mangwaro kuwa, jiƙa kashin akuya a ruwa ka yayyafa wa ganyen, akuya na shinshinawa za ta juya. Sai dai duk sanda sabon ganye ya fito sai ka sake.