Wasiƙa daga Nottingham: abin da na koya a ƙofar ɗakin MRI

Assalamu alaikum, 'yan'uwana na gida.

Ina gaishe ku daga birnin Nottingham na ƙasar Ingila, da fatan kuna lafiya, ya iyali, ya haƙuri da mu. Tun da aka ji na bar ɗakin hoton ƙashi na koma koyon aikin MRI, wato na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki da mayen ƙarfe, saƙonni ke ta shigo mini. Wasu ƙanne ne masu shirin shiga jami'a, suna tambayar ta ina ake bi. Wasu kuwa iyayenmu ne da likita ya rubuta musu wannan hoton, tsoro ya hana su zuwa. Na ga gara in amsa muku gaba ɗaya.

Hanyar ba ta da wani ɓoye-ɓoye. A Najeriya digirin radiyogirafi, wato ilimin ɗaukar hoton cikin jiki, ake yi, shekara 5, kuma ana koyar da shi a Jami'ar Bayero ta Kano, da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri. Bayansa akwai shekarar horo a asibiti da rajista da RRBN, hukumar da ke kula da masu wannan aiki. Da na zo nan sai da na yi rajista da HCPC, hukumarsu mai yi wa ma'aikatan lafiya irina rajista, kafin a bar ni in taɓa majiyyaci. Nasu digirin shekara 3 ne, MRI kuma galibi a bakin aiki ake koyonsa, ƙarƙashin wata babba ko wani babba da zai riƙa sa hannu a littafinka duk lokacin da ka iya wani sashe. 

Na'urar kanta ƙaton mayen ƙarfe ce, wato maganaɗisu. Wadda nake koyo a kanta ƙarfinta tesla 1.5 ne, kusan ninki 30,000 na maganaɗisun duniya da ke juya allurar kamfas. Fiye da rabin jikin mutum ruwa ne, a cikin ruwan akwai haidurojin, ƙwayoyinsa kuma kamar ƙananan allurai suke. Idan mutum ya kwanta a ciki sai mayen ya daidaita su kamar ana daidaita sahu. Mu kuma mu aika igiyar rediyo ta megahaz 64, ƙasa kaɗan da zangon FM, ta karkatar da su. Da an ɗauke igiyar sai su koma inda suke, suna fitar da ɗan amo, kwamfuta ta tattara shi ta mayar hoto. Na kitse saurin komawa suke, na ruwa suna jinkiri, daga nan bambancin ke fitowa. Wata guda na yi ina haddar cewa ruwa baƙi ne a salon hoton da ake kira T1, fari ne a wanda ake kira T2, kafin idona ya fara ganewa da kansa. Babu tururin X-ray mai ratsa jiki da ake amfani da shi a hoton ƙashi ko na na'urar CT, shi ya sa ake sakin jiki da shi wajen duba ƙwaƙwalwa da laka da gwiwa.

A jami'ar garin nan Peter Mansfield ya yi aikinsa, mutumin da ya bar makaranta yana ɗan shekara 15 ya shiga aikin ɗab'i, daga baya ya koma karatu har ya samu kyautar Nobel a 2003 tare da Paul Lauterbur na Amurka saboda wannan na'urar. Ina yawan tuna shi idan lissafin ya sha mini kai.

To amma ba lissafin ne ya fi wuya ba. Ƙofar ce.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne mayen nan ba a kashe shi. Ko dare ne, ko ranar hutu, ko babu kowa a ciki, yana nan yana ja. A makona na biyu na taho zan shiga in shimfiɗa zanen gado, sai babbar da ke koya mini ta tare ƙofar da hannunta, ta ce in shafa kaina. Na shafa, na ji fil ɗin da na soke ɗankwalina da shi. Na cire agogo, na ajiye waya da makulli, amma fil ɗin da nake sokawa tun ina sakandare ya zama kamar ɓangaren jikina, ban ma lissafa shi ba. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ɗauko wani almakashi da aka ɗaure da igiya mai kauri, ta ba ni in riƙe, muka matsa kusa da bakin na'urar. Almakashin ya miƙe a iska ya tsaya cak yana nuna ramin, igiyar tana cin tafin hannuna. A daidai wannan ramin kan majiyyaci yake kwanciya. Daga nan ta ba ni labarin yaro ɗan shekara 6 da ya rasu a jihar New York a 2001, bayan an shiga ɗakin da tukunyar iskar oksijin ta ƙarfe. Tun ranar na koma ɗankwali mai roba, kuma ban ƙara tsallake ƙofar nan ba sai na shafa kaina daga sama har ƙasa.

Shi ya sa muke tsare mutum da tambayoyi har ya gaji. An taɓa yi maka tiyata? An sa maka batirin zuciya, ko ƙarfe a ƙashi, ko abin ji a cikin kunne? Ka taɓa aikin walda ko ƙira, ɓarɓashin ƙarfe ya faɗa maka ido? Akwai harsashi a jikinka? Kina da juna biyu? Idan za a yi allurar gadoliniyam mai ƙara hasken hoto, sai mun san lafiyar ƙoda. Da yawa daga ƙarafan tiyata na zamani ba sa hana hoton, amma sai mun san iri da lambarsu tukuna.

Kwanakin baya aka kawo wata dattijuwa hoton kai. Ɗanta ya cike mata takarda, ko'ina ya rubuta babu. Ina jin suna magana na gane Hausar zangon Kumasi ce. Na durƙusa na ce, “Hajiya, ina wuni, ya jikin?” Ta kama hannuna ta ƙi saki. Na roƙi ɗan ya ɗan ba mu wuri, na ce, “Mama, don Allah ko akwai wani abu a jikinki da ba ki faɗa ba?” Ta yi shiru, sannan ta ɗaga hannun riga ta nuna mini laya a damtsenta, an ɗinke ta da fata, ta ce tun rasuwar maigidanta ba ta rabu da ita ba. Ita kanta ba ta san abin da ke ciki ba. Ban yi mata wa'azi ba. Na ce zan riƙe mata a aljihun rigata a bayan gilashi inda za ta iya hango ni ta madubin da ke saman kanta. Na ba ta auduga ta goge kwalli, don yana iya ɓata hoton wajen ido, na toshe mata kunne saboda ƙarar takan wuce desibel 100, na damƙa mata ƙwallon robar da za ta matsa idan tana so a tsaya. Tsakanin kowane zagaye ina yi mata magana ta lasifika, ina gaya mata minti nawa ya rage. Ba ta motsa ba ko kaɗan, hoton ya fito tas.

Yana ci mini rai idan na ji ana cewa radiyogirafi karatun wanda ya rasa gurbin likitanci ne, ko a ce mu masu danna maɓalli ne. Likitan da zai karanta hoton ba ya ganin abin da ban ɗauko masa ba. Idan na yanka hoton a karkace, ko na bar mutum yana rawar jiki don tsoro, ƙaramin ƙari na iya ɓuya. Ƙannena masu son wannan aiki, ku riƙe fizik da ilimin sassan jiki da kyau, ku kuma koyi zama da marar lafiya, musamman tsofaffi da masu jin kunyar faɗin abin da ke jikinsu.

Akwai wani ɗan sauti a ɗakin, tsut-tsut, tsut-tsut, dare da rana. Injin sanyaya ruwan hiliyom ne, wanda ke riƙe wayoyin mayen a sanyin digiri 269 ƙasa da sifili. Duk lokacin da na ji shi sai in tuna gida, domin idan wuta ta ɗauke na dogon lokaci hiliyom ɗin ƙafewa yake fara yi, kuma tsada gare shi. Abokan aikina na gida da ke kula da irin wannan na'ura da janareto suna ɗauke da nauyin da ni ban san shi ba a nan, ina jinjina musu.

Iyayena da aka rubuta wa hoton nan, don Allah ku je. Ba ya zafi, ƙara ce kawai da zama wuri ɗaya na kamar rabin awa. Ku bar sarƙa da ɗan kunne a gida, ku faɗa wa ma'aikacin komai, har abin da kuke ganin ba a faɗa.

Wata mai zuwa za a gwada ni a kan hoton laka, in na wuce za a fara barina ni kaɗai a kan na'urar da rana. Ku sa ni a addu'a.

Wassalam,
'Yar'uwarku a Nottingham