Faifan Amurka ɗaya, na Birtaniya ɗaya

Duk ƙarshen wata mukan haɗu a gidana da ke kudancin Landan, mu 'yan Najeriya da Nijar masu son kiɗan jaz, a ɗora shayi a saka faifai. Da farko Amurkawa kaɗai ake nema, su Miles Davis da John Coltrane da Art Blakey. Ba laifi, domin can ne tushen abin, wurin baƙaƙen fatar New Orleans. Sai dai ya riƙa ci mini rai cewa muna zaune a garin da ake buga jaz kowane dare, amma a cikinmu ba wanda zai iya kiran sunan makaɗi ɗaya na nan.

Sai na sauya tsari. In na saka faifan Amurka, in bi shi da na Birtaniya na zamani ɗaya, kuma ba na faɗin suna sai an gama saurare. Na lura in ka riga ka ce ɗan Landan ne, kunne ya gama yanke hukunci tun kafin a fara busa. Ranar da na saka Tubby Hayes, wani dattijonmu ɗan Damagaram ya ajiye kofinsa, ya rufe ido, ya ce, "Wallahi wannan ɗan New York ne." Na ce, "Baba, a Landan aka haife shi, a 1935." Sai ya ce in maimaita masa.

Daga nan ne ake samun damar ba da labari. Daga 1935 zuwa 1956 kusan a rufe ƙofa take ga makaɗan Amurka a Birtaniya, saboda takun-saƙa tsakanin ƙungiyoyin makaɗan ƙasashen biyu. Samarin Landan a faifai suka koya. Wasu, irin su Ronnie Scott, sun kama aikin kiɗa a jiragen ruwa masu zuwa New York don kawai su ji sabon salo da kunnensu. Ronnie Scott ɗin ne ya buɗe gidan jaz ɗinsa a unguwar Soho a 1959, kuma a 1961 aka yi musaya, Ba'amurke Zoot Sims ya zo Landan, Tubby Hayes ya tafi New York.

Amma darasin da ya fi shiga raina shi ne, kada ka tallata jaz ɗin Birtaniya da cewa ya iya kwaikwayon na Amurka. Yana da nasa ɗanɗanon, kuma baƙi ne suka zuba masa gishiri. Joe Harriott ya zo daga Jamaika a 1951. 'Yan ƙungiyar Blue Notes sun gudo daga mulkin wariyar launin fata na Afirka ta Kudu suka zauna a nan. Fela Kuti ma a Landan ya yi karatun kiɗa, a kwalejin Trinity, daga 1958. Shi ya sa in aka saka Ezra Collective, wadda 'yan'uwa biyu 'yan asalin Najeriya, Femi da TJ Koleoso, ke riƙe mata ganga da jita, ba a buƙatar bayani, ƙafa ce ke fara amsawa. Su ne 'yan jaz na farko da suka ci lambar Mercury, wadda ake ba faifan da ya fi fice a Birtaniya da Ireland kowace shekara, a 2023. Kuma ba daga sama suka faɗo ba, sun taso ne a Tomorrow's Warriors, wadda Gary Crosby da Janine Irons suka kafa a 1991, inda ake koyar da yara kyauta. Nubya Garcia ma ta nan ta bi.

Sauraro a falo kuwa bai isa ba. Abin da makaɗi ke samu daga manhajar sauraron kiɗa ta waya bai taka kara ya karya ba, tikiti da sayen faifai ne ke riƙe shi. Yanzu muna haɗa kuɗi kamar 'yan adashi, mu sayi tikiti mu je ƙananan wurare irin Vortex a Dalston, inda kana jin numfashin mai busa kafin sautin ya fito. Sharaɗinmu ɗaya ne, kowa ya zo da wanda bai taɓa zuwa ba.